Kwamfutar taka ce, ko ajiya aka ba ka?

Yau ba maganar albashi ko ƙarin girma zan yi ba, maganar kwamfuta ce, kuma tana da tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye ta sai ya samu sukuni.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ma'ana ya daina aiko mata da gyaran tsaro kyauta. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, za ta buga maka takarda, za ta hau intanet, sai dai duk wata sabuwar kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta, babu mai toshe maka. Na ga mutane sun ɗauki labarin kamar na wata duniya. Alhali ka shiga sakatariya, ko shagunan buga takardu na bakin kotu da ƙofar jami'a, ka leƙa allunan kwamfutocin, za ka tarar da Windows 10 birjik.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Shekara goma cur kamfanin nan ya yi yana nuna mana cewa ba mu isa mu zaɓi ranar da za a taɓa mana na'urarmu ba, shi zai zaɓa mana, wai don tsaronmu. Yau kuma shi ɗin ne dai ya ce tsaron ya ƙare, ko ka biya ko ka sayi sabuwa. Ka sayi gida da guminka, magini ya riƙe makulli ɗaya, yana shigowa duk sa'ar da ya ga dama ya canza maka ƙofa, ya leƙa ɗakuna ya rubuta abin da ya gani, ranar da ya gaji kuma ya ce gidan ya tsufa ka tashi. Wannan mai gida ne ko ɗan haya?

Waɗanda suka yi amfani da Windows 7 za su tuna. A wurin afdet akwai zaɓi huɗu: ta sauko da shi ta saka da kanta, ko ta sauko da shi ta jira izininka, ko ta sanar da kai kawai cewa akwai, ko ma kada ta duba sam. Kai ne oga, ita 'yar aike. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, sai aka share wannan zaɓin ga masu samfurin Home, wato samfurin da ke zuwa a cikin kwamfutar da mutum ya saya don amfanin gida. Afdet zai zo, zai shiga, kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi. Ba a neman sa hannunka.

Yadda aka shigo da ita ma abin a tsaya a duba ne. An ce kyauta ce na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1. Madalla. Amma tun a watan Satumba na 2015 mutane suka fara gano cewa kwamfutocinsu sun sauko da kayan girka Windows 10 a ɓoye, abin da ya kai har giga 6, an jibge a wani lungu na kwamfutar ba tare da sun nema ba. Kamfanin bai musa ba, cewa ya yi ai don a sauƙaƙa wa mutane ne in sun tashi komawa. Ku lissafa giga 6 a farashin data na wancan lokacin, sa'ad da muke soka modem a gefen laftof muna ƙirga megabait kamar mai ƙirga ƙwayar shinkafa.

Sai kuma ta watan Mayu 2016, wadda a wurina ita ce ta tona halin. Kowa ya san ɗan jan X ɗin nan na saman kusurwa, ma'anarsa rufe, ba na so, ba ni wuri. Sai aka juya ma'anar. Sanarwa ta fito a allo cewa an tsayar da ranar da za a mayar da kwamfutarka Windows 10, ka danna X da nufin ka ƙi, su kuma su ɗauka ka amince. Ka kwatanta masinja ya kawo maka fayil, ka tura masa abinsa ka ce ba za ka sa hannu ba, shi kuma ya koma ya ce ai tura fayil ɗin da ka yi shi ne sa hannun. A aikin gwamnati wannan takardar tuhuma ce, in ma ba sallama ba. A shekarar ce aka ji labarin wata mata mai ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye a California da ta kai su ƙaramar kotu, saboda Windows 10 ta shiga kwamfutar sana'arta ta rikita ta, aka yanke a biya ta dala 10,000, suka biya. A ƙarshen shekarar shugaban sashen tallan kamfanin, Chris Capossela, ya fito ya amsa cewa a batun X ɗin nan sun wuce gona da iri. Amsawar ta zo ne bayan aikin gama ya gama.

Wanda ya tsara wannan abu yana zaune ne a Redmond, can jihar Washington ta Amurka, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma ba a auna intanet ɗin gida da mudu. A lissafinsa kwamfuta tana nan a kunne cikin dare, ta sauko da abinta, ta gyara kanta kafin mai gida ya farka. Mu kuwa daren namu duhu ne. Lokacin da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta shi ne lokacin aiki, kuma shi ne daidai lokacin da kwamfutar za ta ce ita ma nata aikin ya taso. Mai shagon buga takardu ya zuba fetur na awa biyu, ga layin masu jiran takardar rantsuwa da masu cike fom ɗin neman aiki, sai allo ya fara juya 'yan ɗigo yana gaya masa da Turanci kada ya kashe kwamfuta. To wa zai gaya wa nepa kada ta ɗauke? In kuwa wutar ta yanke a tsakiyar wannan aikin, wani lokaci kwamfutar ba ta ƙara tashi sai an kai ta wurin mai gyara. Ga data kuma. Ɗalibi ya kunna hotsifot na wayarsa don ya tura aikin makaranta, kafin ya ankara gigar da ya saya ta narke, bai buɗe ko shafi biyu ba. A watan Janairu 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Duk abin da kwamfutarka ta sauko da shi ba da saninka ba, da wannan farashin kake biya.

Akwai ma wani abu a ciki mai suna Delivery Optimization, da ke mayar da kwamfutarka 'yar dako. Afdet ɗin da ta sauko da shi tana iya tura gutsattsarinsa ga wasu kwamfutocin. Da Windows 10 ta fito, a samfurin Home abin a kunne ya zo, har zuwa kwamfutocin baƙi da ke intanet. Kamfanin da darajarsa ta haura dala tiriliyan 3 a 2024 yana rage wa kansa kuɗin raba kaya da datar mutane. Haba jama'a!

Gaskiya ne a 2019 an ɗan sassauta, aka ba masu Home damar ɗage afdet har kwana 35. Bayan nan dole ka karɓa kafin a sake ba ka damar ɗagewa. Amma sassaucin ya zo ne bayan abin kunyar Oktoba 2018, lokacin da babban afdet na watan ya goge wa wasu mutane fayilolin da ke cikin Documents ɗinsu, har kamfanin ya janye shi cikin 'yan kwanaki, bai dawo da shi ba sai tsakiyar Nuwamba. Wanda ya ce ba ka iya kula da kayanka ba, ka miƙa masa makulli, shi ne ya zubar da kayan.

Yanzu bari in ba abokanmu masana kwamfuta haƙƙinsu, don na san suna nan suna jirana. Za su ce: Malam, ka manta WannaCry? Ban manta ba. Ranar 12 ga Mayu 2017 wannan cuta ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Kuma maganin kafar da ta bi ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan, mutane da ma'aikatu ne ba su saka ba. Hujjarsu ke nan, kuma hujja ce mai ƙarfi. Kwamfutar da ba a toshe ba, ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, takan zama tsanin da ake hawa a kai ga wasu. In aka bar wa mutane, da yawa har abada ba za su taɓa dannawa ba. Wannan duk na yarda.

To amma in maganar tsaro ce, me ya kawo Candy Crush cikin sabuwar Windows 10? Me ya kawo tallan manhajoji cikin Start? Me ya sa aka turo Edge ta wannan hanyar a 2020 aka kuma hana cire shi, aka zo aka turo Copilot, ana ta cika wa mutum allo da roƙon ya koma Windows 11 ko ya sayi Microsoft 365? Bututun da aka ce na magani ne, ta cikinsa ake turo hajar kasuwa. In likita zai ba ka allurar rigakafi da sharaɗin sai ka karɓi labulen da ɗan'uwansa ke sayarwa, kuma shi zai zaɓi kala, ai ba za a ga laifinka ba in ka fara ɓuya idan ka hango shi. Mu a Arewa mun san abin da rashin yarda ke haifarwa. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma yara ne suka ɗanɗana. Ba girman abubuwan biyu nake haɗawa ba, Allah ya kiyaye, rai daban kwamfuta daban. Hanyar ce iri ɗaya. Duk wanda ya je wurin mai gyara ya ce a kashe masa afdet gaba ɗaya, yawanci ba tsaro ya tsana ba, an taɓa shammatarsa ne. Su da kansu suka koya wa mutane gudun magani.

Kuma shi kansa bututun haɗari ne, abin da masu kare tilas ba su cika son a taɓo ba. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya tura ɗan ƙaramin afdet mai kuskure kai tsaye ga abokan cinikinsa. Kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi a rana ɗaya, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka tsaya, asibitoci da bankuna suka rikice, Delta kaɗai ta soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Ba Microsoft ne ya tura ba, kada a ce na ɗora masa. Amma darasin ɗaya ne: ƙofar da wani zai iya shigowa ta cikinta ba sallama, kuskurensa ma ba ya sallama. Haka a Yuni 2017, cutar NotPetya ta hanyar afdet na wata manhajar lissafin haraji a Yukren ta shiga, ta bi duniya, ta ja wa Maersk, mai kwantenonin nan da muke gani a kan tireloli, asarar kusan dala miliyan 300. Shi ya sa manyan kamfanoni suke gwada afdet a kan 'yan kwamfutoci kaɗan kafin su sake shi ga saura, kuma Microsoft ya ba su kayan yin hakan. Ikon yana nan, an san amfaninsa. Mai ƙaramin ƙarfi ne aka hana.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya rabin maganar. Turawa suna ce masa telemetiri, ni da Hausa ɗan rahoto nake ce masa. Kwamfutarka tana aika wa kamfanin bayanai a kai a kai: irin na'urar, abin da ke maƙale da ita, manhajojin da ke ciki, lafiyar afdet, kurakuran da suka auku. Wannan a matakin da suka kira na dole ke nan. A matakin na ganin dama kuwa, har da shafukan da ka ziyarta da Edge, da yadda kake amfani da manhajoji, da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar a lokacin da wata manhaja ta faɗi, wanda su da kansu suka rubuta cewa yana iya ƙunsar wani yanki na takardar da kake aiki a kai. Ba na cewa akwai wani Bature da ke zaune yana karanta wasiƙunka. Injiniya yana bukatar sanin inda abu ke lalacewa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ku lura da abu ɗaya: maɓallin kashe ɗan rahoton nan gaba ɗaya akwai shi, a samfurin Enterprise da Education. A Home da Pro babu, iyakarka ka rage. In bayanan ba su da wata illa, me ya sa manyan kamfanoni suka dage sai an ba su damar kashewa? In kuma suna da illa, me ya sa aka hana ni?

Duk ɗan hasken da muka samu a kan abin da ake kwasa, Turai ce ta matso shi. A Yuli 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wa'adin wata uku ya daina kwasar bayanan da suka wuce kima a Windows 10. A Oktoba 2017 takwararta ta Holan ta ce tsarin ya saɓa dokar ƙasarsu. A tsakanin nan ne kamfanin ya fara wallafa jerin abin da yake karɓa, daga baya ya fito da manhajar da mutum zai duba da kansa. A Nuwamba 2018 binciken da ma'aikatar shari'a ta Holan ta sa aka yi a kan Office, wato Word da Excel da Outlook da muke wuni a kai, ya nuna ana tattara nau'in bayanai tsakanin 23,000 da 25,000, ciki har da kanun wasiƙun imel da jimlolin da aka tura wa mai gyaran rubutu ko mai fassara. Gwamnatin Holan ta zaunar da kamfanin, aka sake sharuɗɗa. Gwamnati ce da ta ɗauki takardun ma'aikatanta da daraja.

Akwai masu cewa: ni ba ni da abin ɓoyewa. Ɗan'uwa, to me ya sa gidanku yake da zaure? Me ya sa ake rataya labule a ƙofar ɗaki? Ba don ana aikata laifi a ciki ba ne. Addini da al'ada sun koya mana ko gidan ɗan'uwanka ka je sai ka yi sallama, in ba a amsa ba ka juya. Ba a taɓa cewa sai mai laifi ne ke da haƙƙin a yi masa sallama ba. Na kuma san wani zai ce, Malam, ai Facebook ɗin da kake wannan rubutun a kai ta fi kowa kwasa. Haka ne, kuma ita ma tata ranar tana nan zuwa. Sai dai Facebook kasuwa ce, da ƙafata na zo, abin da na ga dama na baje. Kwamfutata kuwa ɗakina ce. A nan lissafin gida yake, da hoton takardun fili, da rabon gadon da aka ba mutum amanar rubutawa.

Mu ma'aikata abin ya fi shafar mu, kuma mu ne muka fi yin shiru. Akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. In masinja ya fita da fayil ɗin sirri zuwa gida, sai ya yaba wa aya zaƙinta. Amma wa bai san cewa takardar da ke cikin fayil ɗin, sau da yawa a laftof ɗin wani jami'i aka buga ta, wadda ya saya da kuɗinsa, mai ɗauke da samfurin gida? Sabuwar Windows 11, in ka shiga da asusun Microsoft, tana iya fara kwafe abin da ke Desktop da Documents da Pictures zuwa OneDrive, mutum bai ma lura ba sai ranar da aka ce masa giga 5 na kyauta sun cika, ya kawo kuɗi. Daftarin kasafi, jerin sunayen masu ƙarin girma, takardun kwangila, duk sun kwana a rumbun wani kamfani a wata ƙasa. Kuma tun 2018 Amurka tana da dokar CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai ta hanyar shari'a daga kamfanoninta, ko a ina suka ajiye su. Muna gadin kabad ɗin ƙarfe da kwaɗo biyu, taga kuma a buɗe.

Kada a ce kuma abin yana raguwa. A Mayu 2024 suka sanar da Recall, wanda zai riƙa ɗaukar hoton allonka duk bayan 'yan daƙiƙoƙi yana adanawa a cikin na'urar don ka iya neman abin da ka gani a baya. Da farko a kunne aka shirya zai zo, kuma masu bincike suka gano bayanan da yake tarawa ba a kulle suke yadda ya kamata ba. Sai da duniya ta yi ca, sannan aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa. Ga kuma dagewar cewa sai da intanet da asusun Microsoft za ka iya girka Windows 11, ana ta toshe hanyoyin da masu gyara ke bi su kauce. Mu da muka ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke har bankuna suka kasa aiki, ya kamata mu ji tsoron duk kayan aikin da sai ya gaida wani a ƙetare kafin ya yi maka aiki. Mutanen Benezuwela sun ɗanɗana a Oktoba 2019, da Adobe ya sanar zai rufe asusun duk masu amfani da Photoshop da sauran manhajojinsa a ƙasar saboda takunkumin Amurka. An fasa daga baya, da gwamnatin Amurkar ta ba da izini. Mai zanen katin biki a Karakas ba shi da hannu a rigimar, amma sana'arsa tana rataye a sa hannun wani.

Mu koma kan Windows 10. Wai sai a koma 11, kyauta ce. Amma tun da ta fito a Oktoba 2021 aka gindaya sharaɗi: sai na'ura mai TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai zuriya ta 8 zuwa sama, wato kusan duk abin da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 ya faɗi. Yanzu ka je Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja ka duba laftof ɗin gwanjo da malamin makaranta ko ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya saya: EliteBook 840 G3, Latitude E7470, ThinkPad T460 da ire-irensu. Lafiyarsu ƙalau, suna buga takarda suna lissafi, amma zuriya ta 6 ne, ba sa cikin jerin. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗin. Kun san kuma inda sharar Turai ke sauka. Za a ciko kwantena da su, su iso kasuwanninmu da araha, mai saye yana murna ya yi tsintuwa, bai san an riga an cire musu kariya ba.

Wanda yake son ƙarin shekara guda na gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026, an ba shi hanya: ya biya dala 30, ko ya kawo makin Microsoft Rewards 1,000, ko ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a riƙa kwafe saitinsa zuwa rumbunsu. A 2025 dala 30 ta haura naira 40,000, sama da rabin mafi ƙarancin albashi na 70,000. Wanda ba shi da ita ya biya da bayanansa. Ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, ta biyu 122, ta uku 244. Amma ku ji wannan: a ƙasashen Tarayyar Turai da maƙwabtansu na kasuwar bai ɗaya, bayan ƙungiyar masu sayayya ta Euroconsumers ta matsa, an ba su shekarar kyauta ba tare da sharaɗin kwafe saitin ba. A can ne kuma, saboda dokarsu ta kasuwannin intanet, mutum zai iya cire Edge daga kwamfutarsa. Manhaja ɗaya, kamfani ɗaya. Abin da aka ce mana ba zai yiwu ba, ya yiwu a inda hukuma take da haƙora.

Mu ma ba a ce ba mu da su ba. Muna da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC, muna da NITDA, muna da FCCPC, wadda a Yuli 2024 ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilu 2025. Ashe in an so ana iyawa. To ina roƙon waɗannan hukumomin su ɗago ido daga waya su dubi kwamfutar tebur. Abin da za a nema ba mai yawa ba ne. A raba gyaran tsaro da kayan talla, na tsaron ya zama ƙarami, a faɗi nauyinsa kafin ya sauko. Kada kwamfuta ta kashe kanta sai mai ita ya ce to. Maɓallin kashe ɗan rahoto da aka ba manya a ba kowa. Rangwamen da aka yi wa Bajamushe a yi wa Bakano. Kuma duk ma'aikatar da za ta sayi lasisi, sharaɗin inda bayanai za su kwana ya shiga cikin takardar kwangila, kamar yadda Holan ta yi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kasuwar da ta cika da Windows da Office na bogi ba ta da bakin yin ƙorafi sosai, kuma kamfani ba ya jin tsoron wanda bai biya shi ba. Mafi muni, 'yan manhajojin fasa lasisi da ake sauko da su daga ko'ina, mutum bai san wa ya haɗa su ba, bai san me aka cusa a ciki ba, kuma sai an kashe manhajar kariya kafin su shiga. Ka gudu daga ɗan rahoton da aƙalla yake da adireshi da lauya, ka faɗa hannun wanda ba shi da suna. Don Allah kada wani ya karanta wannan rubutun ya je ya ce a toshe masa afdet ɗungurungum, musamman a na'urar da yake shiga banki da ita.

Akwai wata hanya kuma, wadda ban ga dalilin da ya sa muke mata kallon abin 'yan boko ba. Tsohuwar laftof ɗin da Windows 11 ta raina, Linux Mint za ta karɓe ta hannu biyu, kyauta, ta nuna maka akwai afdet ta jira sai ka danna. LibreOffice zai buɗe maka takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, kuma wasu firintoci da manhajojin aiki na musamman sai an sha fama. Su ma ba waliyyai ba ne, Ubuntu ta taɓa tura abin da mutum ya nema a kwamfutarsa zuwa waje don a nuna masa kayan Amazon a 2012, sai da jama'a suka yi mata ca. Bambancin shi ne a can in an ɓata maka kana iya ɗaukar kayanka ka koma wani samfurin. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke a 2024 za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Birnin Munich ya taɓa yi, ya yanke komawa Windows a 2017, saboda haka aikin yana son shiri da horar da ma'aikata. Amma ofishin da duk aikinsa buga wasiƙa ne da cike jadawali, me zai hana a gwada ko da a ɗaki ɗaya?

Kafin nan, wanda ke kan Windows ya shiga Settings ya mayar da layin intanet ɗinsa Metered connection, zai rage shan data sosai. Ya kashe rabon Delivery Optimization, ya kashe Optional diagnostic data, ya saita Active hours daidai da lokacin aikinsa, ya leƙa OneDrive ya ga me ta riga ta kwashe. Fayilolin da ba za ka iya jure rasa su ba, ka ajiye kwafinsu a filas ko wani faifan da ba a jone yake ba. Wanda kuma yake da aboki a sashen kwamfuta ko sashen kasafi na ma'aikatarsu, ya tambaye shi: kwamfuta nawa ne har yanzu suke kan Windows 10, nawa ne a cikinsu za su iya ɗaukar 11, kuma sauran me aka tanadar musu a kasafin bana?